Abin da na koya a aikin tarihin Africville

A makon jiya na bar aikin tattara tarihin Africville, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata a birnin Halifax na Kanada wadda hukuma ta tashi mutanenta ta rushe, kuma ba da son raina ba. Waɗanda muka yi aiki tare a Halifax sun san yadda aka yi. Wannan rubutu na ɗalibanmu ne da ke zuwa Kanada suna faɗawa irin wannan aiki na wucin gadi.

Kamfanin da ya ɗauke ni baje-koli yake shiryawa a kan unguwar, ni kuma nawa naɗar muryoyin tsofaffin da aka haifa a can. Shugabanmu ba abin da yake nema sai hawaye. Kullum umarninsa in tambaye su jujin da hukumar birni ta dasa musu a gefen gida a shekarun 1950, da motocin kwasar shara da aka loda kayan wasu iyalai a ciki lokacin tashinsu, da cocinsu da aka rushe cikin dare a 1967. Duk an yi, ba ƙarya. Mutanen nan suna biyan haraji amma ba a taɓa ja musu ruwan famfo ba, wanda ba shi da takardar fili kuwa dala 500 aka miƙa masa diyya.

Sai dai idan dattijan suka saki jiki, ba nan hirarsu take nufa ba. Ibadar asubahin Ista suke ba ni labari, da yadda ake yi wa mutane baftisma a ruwan Bedford Basin jama'a na waƙa a bakin gaɓa. Su tuna min George Dixon, ɗan unguwarsu, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya a 1890, da ƙungiyarsu ta hoki, Sea-Sides. Wata dattijuwa ta daɗe tana lissafa min gidaje ɗaya bayan ɗaya, wane ne maƙwabcin wane, ƙofar wa yaro ke ƙwanƙwasawa in yunwa ta kama shi. Wannan faifan shi na fi alfahari da shi, kuma shi shugaban ya fara yankewa, wai ba ya taɓa zuciyar masu ba da tallafi.

Da ya cika bango da hotunan rumfunan kwano da tulin shara, na ce masa a gaban kowa: da irin wannan kallon aka yi wa unguwar tambarin ƙazanta har majalisar birni ta yanke shawarar tashinta a 1964. Bai tanka ba. Sunana ya ɓace daga jerin ma'aikata, kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Har yanzu abin na ci min rai, domin mutanen da suka yi zaune a wurin tun 1848, suka jira har 2010 kafin birni ya nemi gafararsu, sun wuce a sake nuna su a matsayin abin tausayi kawai.

Kada ka ɗauka baƙar fatarka ta sa ka zama ɗan gida. Kakannin wasunsu sun iso Nova Scotia, lardin da Halifax take, tun bayan yaƙin Amurka da Birtaniya na 1812, kai kuwa baƙo ne, sai ka yi sallama ka jira a ba ka wurin zama. Ka halarci taron zumuncinsu na ƙarshen Yuli ba tare da na'urar naɗa ba. Ka karanta takardar izini da kyau ka ga wa zai mallaki muryar.

Tun ranar farko na sa a rubuta cewa kowane iyali zai karɓi cikakken faifansa, ba yanke ba gyara, kuma sai da na kai wa kowa nasa hannu da hannu kafin in miƙa makullin ofis.