Ziyara a ƙauyukan da manoman Telangana suka yi tawaye

Daga tashar Secunderabad na hau jirgin ƙasa zuwa Jangaon, a jihar Telangana ta Indiya. Ko'ina ka duba manyan duwatsu ne da giginya, sai gonakin auduga da shinkafa. A Jangaon na ɗauki shatar a-daidaita-sahu zuwa Palakurthi.

Har zuwa 1948 yankin nan yana ƙarƙashin Nizam, wato sarkin masarautar Hyderabad, Mir Osman Ali Khan, amma a ƙauye masu ƙasa ne ke da wuƙa da nama. Dora ake kiransu. Mai wanki ya wanke musu kaya, wanzami ya yi aski, baduku ya ɗinka takalmi, talaka ya nome gandu, duk ba ko sisi. Wanda ya ƙi ya sha bulala.

A Palakurthi Chakali Ailamma ta zauna, mace mai sana'ar wanki da ta karɓi hayar 'yar gona ta noma shinkafa. Ta shiga ƙungiyar Andhra Mahasabha, wadda 'yan gurguzu ke jan ragamarta a lokacin. Wannan ya ɓata wa Ramachandra Reddy, dora na ƙauyen Visnur, rai, mutumin da ake cewa yana da eka 40,000. An kulle mijinta, aka turo 'yan baranda su kwashe amfanin gonar. 'Yan ƙungiya suka tare su, suka girbe shinkafar, suka kai mata har gida. Abin ya tsaya mini a rai: mai eka dubbai ya kasa kau da ido daga abincin mace ɗaya.

Visnur ba nisa. Gidan dora yana nan da dogayen katangunsa, ya tsufa. Ban daɗe ba, zuciyata ba ta so wurin.

A Kadavendi na fi jimawa, gaban hasumiyar tunawa da Doddi Komarayya. Saurayi ne makiyayi. Ranar 4 ga Yuli 1946 mutanen ƙauyen suka fito jerin gwano, 'yan barandan dora suka buɗe wuta, shi ya faɗi. Daga mutuwarsa wutar ta kama ƙauye bayan ƙauye. Gwamnatin Nizam ta haramta jam'iyyar gurguzu, daga baya dakarun Razakar na Kasim Razvi, 'yan sa-kai masu goyon bayan Nizam, suka shiga ƙona gidaje. Manoma suka ɗauki sanduna da majajjawa, sannan bindigogi. A lissafin jam'iyyar, ƙauyuka kusan 3,000 sun kafa mulkin kansu, an raba ƙasa kimanin eka miliyan ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan faɗuwar Nizam. Sojojin Indiya sun shigo a Satumban 1948, talakawa suna murna, sai ga bindigar ta juyo kansu. Aka bi 'yan gurguzu har cikin daji, aka kwashe 'yan ƙabilar Koya zuwa sansanoni don kada su ciyar da mayaƙa, dubbai suka sha ɗauri. Masu ƙasa da suka gudu birni suka dawo a bayan soja suna neman gonakinsu. Jam'iyyar ta ce ta rasa mutum kusan 4,000 kafin ta ajiye makami a Oktoban 1951.

Gwamnatin da ke farautarsu ita ce kuma ta soke tsarin jagir, wato mallaka wa manya ƙasa su riƙa karɓar harajinta, a 1949, ta kafa dokar kare masu hayar gona a 1950. Ban yarda za ta yi hakan da wuri ba, ba don manoman nan sun tashi ba.