Godiya ga mutanen hanyar Tishka da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa da abokan arziki.

Ni da maiɗakina mun dawo gida lafiya daga duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, mu da motarmu mai ɗaki, wato motar da ake kwana da girki a cikinta. Alhamdu lillahi. Da yawanku kun ji cewa birki ya daina ci a gangaren Tizi n'Tishka ranar da muke komawa Marrakesh, kun yi ta kira, kun yi ta addu'a. Wannan saƙo naku ne, kuma na mutanen da suka tsaya mana a hanya, waɗanda yawancinsu ba za su taɓa ganinsa ba. Abin da suka koya mana za mu rubuta shi dalla-dalla, domin ba mu ga hanyar saka musu da ta wuce mu isar da shi ga wanda zai bi bayanmu ba.

Hanyar ita ce N9, wadda ta haɗa Marrakesh da Warzazat, kimanin kilomita 200. Mashigin Tishka yana kan tsayin mita 2,260, Marrakesh kuwa ba ta kai mita 500 ba. Ke nan mai saukowa zai gangaro kusan mita 1,800, kuma mafi tsananin gangaren yana tsakanin ƙololuwa da ƙauyen Taddart, inda kwana ke bin kwana. An faɗaɗa titin a 'yan shekarun nan, kwaltar ta yi kyau, kuma wannan kyan ne ke rudar baƙo har ya saki mota a giya ta huɗu yana ta taka birki.

Godiyarmu ta farko ga direban wata babbar mota ce, dattijo, da yaron motarsa. Ya jiyo ƙaurin birkinmu, ya tsaya a bayanmu ya kunna fitilun gargaɗi, yaron ya sauko da weji ya cusa a ƙarƙashin tayoyi kafin ma a gaisa. Abu uku ya hana mu. Na ɗaya, kada a watsa wa faifan birki ruwa, domin ƙarfen da ya yi zafi haka idan ruwan sanyi ya same shi sai ya lanƙwashe ko ya tsage. Na biyu, kada a ja birkin hannu a bar shi, domin takalmin birki yana iya mannewa da ƙarfe mai zafi. A kashe inji, a bar mota cikin giya, a karya sitiyari zuwa gefen dutse, weji ya riƙe sauran. Na uku shi ne mafi muhimmanci: bayan kamar awa ɗaya birkin zai dawo daidai kamar ba abin da ya faru, kuma kada a yarda da shi. Baba direba, Allah ya tsare ka a kan wannan hanya da kake bi dare da rana, ya sa yaronka ya gaje ka.

Mutum na biyu da muke gode wa shi ne makaniken da ya duba motar a garin Ait Urir, wanda ya ajiye aikin da ke gabansa ya nuna mana inda matsalar take. Birki iri biyu yake mutuwa a gangare, kuma ƙafa ce ke bambance su. Idan ka taka ka ji tauri amma mota ba ta tsayawa, takalman ne suka yi zafi har fuskarsu ta yi santsi. Idan kuwa ka taka ka ji lagwaf, ƙafa ta nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa. Namu na biyun ne. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa kashi uku da ɗoriya cikin ɗari yana iya tafasa a digiri 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututun, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Idan ya huce sai ya koma ruwa, birki ya dawo, shi ya sa dattijon ya ce kada a yarda da shi. Makaniken ya tsoma ɗan ma'aunin danshi a tankin man, ya zuƙe tsohon, ya zuba sabo kimanin lita ɗaya, ya bi tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya yana fitar da iska, sannan ya sauya takalman gaba da suka ƙone. Ƙa'idar ita ce a sauya man duk shekara biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba. Mota mai ɗaki ta fi kowace mota faɗawa wannan tarko, domin tana shafe watanni a ajiye, mai ita yana duba kilomita ya ga ba ta ci komai ba. Maigida, Allah ya yi wa hannunka albarka.

Makaniken ne kuma ya maimaita abin da kowane direban dutse ya sani: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. A kwanonin Tishka giya ta biyu ce, wani wuri ta uku, inji yana kuka yana riƙe mota. Idan gudu ya kai kilomita 40, ka taka birki sosai na daƙiƙa uku ko huɗu har ya dawo 30, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya iska ta sanyaya faifan. Ɗora ƙafa a hankali ba ɗauka shi ne ke dafa man. Kada a taka kuloci a saki mota, kada a cire giya. Mai giyar otomatik ya mayar da ita ta hannu tun daga sama. Idan motoci sun taru a bayanka, ka raɓa a wuri mai faɗi su wuce, birkinka ma ya huta.

Sai nauyi. Yawancin waɗannan motoci iyakarsu kilo 3,500, kuma shi ne iyakar lasin ƙaramar mota a Turai. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin ruwa mai lita 100 a cike, da rabin tankin ruwan wanke-wanke, da tukwanen gas biyu, da dardumai da tukwanen ƙasa na tsaraba, sun isa su kai mota iyaka ko su wuce. Kafin a hau dutse a zubar da ruwan datti a wurin da aka tanada, a bar lita 20 zuwa 30 na ruwa mai tsabta, wanda zai isa alwala da girkin yini. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Muna gode wa jandarmomin da suka zo suka tsare kwanar har muka tashi. Lambar jandarma a Maroko 177 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15. Akan kuma rufe shingen hanyar idan dusar ƙanƙara ta sauka a Tishka lokacin hunturu, don haka a tambayi halin mashigin tun daga ƙasa.

Akwai gidan da ya karɓe mu a wannan dare, mutanen Amazig da ba mu jin yarensu, ba sa jin namu. Sun ba mu fili mai shimfiɗe muka ajiye mota, sun kawo shayi da burodi da man zaitun, uwar gidan ta ja maiɗakina ciki kamar 'yarta. Wannan yanki na Al Hauz shi ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, kuma duk da haka ba su karɓi ko dirhami ɗaya a hannunmu ba. A masallacinsu bayan magariba aka zauna karatun hizbi da ƙira'ar Warshu, irin wadda aka biya mana a makarantar allo, sai zuciya ta kwanta. Inna da Baba, Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda kuka rasa.

Kafin wannan rana ma mun ci arzikin mutane a ɗaya gefen dutsen. A kwarin Dades wasu dattawa mata da miji, masu irin motarmu, suka warware mana abu biyu da sanyin dare ke jawowa a wurin da ya haura mita 1,500. Gas ɗin girki da ake sayarwa ko'ina a Maroko butan ne, shi kuwa idan sanyi ya kai digiri sifili ba ya tashi daga tukunya, sai murhu da hita su mutu alhali tukunyar a cike take. Gas ɗin furofan ne ke jure sanyi, don haka a ajiye tukunyarsa domin kwanan dutse, a ci butan a ƙasa. Na biyun shi ne bawul ɗin da ke ƙarƙashin tukunyar dumama ruwa, wanda ke buɗe kansa idan sanyi ya kai wajen digiri 3 don kada ƙanƙara ta fasa tukunyar. Idan famfon lantarki a kunne yake, sai ya kwashe ruwan tanki duka ya zubar a ƙasa kafin asuba. A kashe famfon da dare, a bar hita a kunne kaɗan. Su ne kuma suka tuna mana cewa firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi idan mota a karkace take, sai an hau katakon daidaitawa.

Mai gadin wurin kwana a kusa da Tingir, mun gode da ka hana mu kwana a bakin rafin Todga. Kwazazzabon yana matsewa har faɗinsa ya koma kamar mita goma tsakanin bangayen dutse biyu, kuma ruwan da aka yi can sama, inda ba ka ga ko hadari ba, yana iya isowa cikin dare. Duk busasshen rafi a wannan ƙasa haka yake, komai kyan inuwarsa. Shi ne ma ya ce a sanannun kwanonin Dades a shiga kwana da faɗi, a yi hon kafin a shiga, a sa ido a madubi, domin bayan mota mai mita bakwai yana fita waje ya daki dutse. Idan mutum biyu ne, ɗaya ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi duk lokacin da za a ja da baya.

Daga ƙarshe, Hajiya da Baba, yayye da ƙanne, surukai, maƙwabtan da suka kula mana da gida, da abokan da suka kwana suna jiran saƙonmu: mun ji addu'arku, mun ga kiranku ko da ba mu samu amsa duka ba saboda ƙarancin sabis a tsakanin duwatsu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci, ya kai duk matafiyi gida lafiya. Amin.