Shimfiɗa da danshi: abin da nake sayarwa masu kiwon maciji

Ƙaramin shago nake da shi a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, inda nake sayar da kayan kiwon macizai da ƙadangaru. Idan 'yan gida suka ji haka sai su ɗauka gardi na zama, wasu har su tambaye ni maganin sara. Ba ni da laƙanin komai. Yawancin macizan da ake kiwo a gidajen nan ba su da dafi, kuma wanda na fi ciniki a kansa shi ne macijin madara, mai zoben ja da baƙi da fari ko rawaya a jiki. Ɗan nahiyar nan ne, ana samunsa tun daga kudancin Kanada har arewacin Amurka ta Kudu.

Macijin sau ɗaya ake sayensa, kuma idan ya samu kulawa yana iya kai shekara 15 zuwa 20. To ka ga ba shi ke biyan kuɗin hayar shago ba. Abin da ke dawo min da mutane shi ne daskararrun ɓerayen da yake ci da buhun shimfiɗa, wato abin da ake zubawa a ƙasan akwatinsa. Shimfiɗar nan kuwa ita ce abin da sabon mai kiwo ya fi rainawa: zai kashe kuɗi a akwatin gilashi da fitila, sannan ya nemi mafi arha ya zuba a ƙasa.

Kafin in miƙa wa mutum buhu, sai na tambaye shi wane iri ne nasa. Na Sinaloa da na Puebla daga Meksiko suke, ƙasa mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Na Honduras kuwa ɗan daji ne mai lema, ya fi su girma, ya fi su son danshi. Galibinsu suna zama lafiya idan danshin iska yana tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, na Honduras kuma a kai shi saman wannan ma'aunin.

Ga na busasshiyar ƙasa, sassaƙen itacen asfen nake bayarwa. Ba shi da ƙamshi, kuma yana riƙe rami idan macijin ya kutsa, domin dabba ce mai son ɓuya, yawancin yini ba ka ganinta. A zuba ya yi kaurin santimita 5 zuwa 8. Aibinsa ɗaya: ba ya shiri da ruwa. Ka fesa masa, cikin 'yan kwanaki sai fumfuna. Wanda ke son shimfiɗa mai riƙe danshi sai ya ɗauki ɓarzajjen ɓawon kwakwa ko ɓawon itacen saifires. Sassaƙen itacen sida, da na itacen fayin wanda ba a busar a tanderu ba, ba sa shiga shagona ko kaɗan. Man da ke ba su wannan ƙamshin mai daɗi shi ne ke cutar da numfashin maciji. Yashi ma ban yarda da shi ba, yana bin ɓera ya shiga ciki ya toshe hanji. Jariri ko sabon maciji kuwa, farar takardar goge hannu ta ishe shi makonnin farko. Ba kyan gani, amma a kanta ake ganin kashinsa sosai, kuma idan ya zo da 'yan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini, ba su da maɓoya.

Rigimar danshi a nan da sanyi take zuwa. Da an kunna na'urar ɗumama gida, iskar ɗaki takan bushe kamar ta tsakiyar hunturu a Kano, danshi ya faɗi ƙasa da kashi 30. Murfin raga kuma yana sakin ɗan abin da ya rage. A lokacin ne ake shigo min da hotuna a waya: saɓa ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a ido, wata a ƙarshen wutsiya. Ta wutsiyar ce mai haɗari, don idan ta taru tana shaƙe jini har tsinin ya mutu. Lafiyayyen maciji saɓarsa guda take fita, tun daga baki har wutsiya.

Abin da mutane ke yi idan sun firgita shi ne su jiƙa akwatin gaba ɗaya, nan kuma sai a gudu daga wata cutar a faɗa wata. Macijin da ke kwana a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa cikinsa yakan yi ja, ya yi ƙuraje, ɓawon ya fara ruɓewa. Wannan kam sai likitan dabbobi. Ni abin da nake haɗa musu ba ya cin kuɗi: robar abinci mai murfi, a huda ƙofa a gefe a goge bakin kada ya yanke shi, a cika da gansakukar da ake sayarwa a bushe, a jiƙa ta a matse har ta daina ɗiga. Ƙasan akwati ya zauna a bushe, ɗakin lema yana gefe. Da idanunsa sun yi hazo launinsa ya dusashe, alamar saɓa ta kusa, da kansa zai shige ya kwanta. A ƙara da kwanon ruwa mai faɗin da zai iya naɗewa a ciki, a rufe rabin ragar murfi.

Ma'aunin danshi mai allura da ake liƙawa a bangon gilashi ba na sayar da shi, ko da yake akwai riba, domin ƙarya yake yawan yi. Mai lambobi nake bayarwa, a ajiye shi ƙasa inda macijin yake. Zafi ma haka: gefe ɗaya digiri 29 zuwa 30, ɗayan 22 zuwa 24, kuma kada a kunna tabarmar ɗumi ba tare da na'urar daidaita zafi ba.

Wani bawan Allah ya so ya sayi biyu ya haɗa a akwati ɗaya, wai kada kaɗaici ya dame su. Na ce, "Yallaɓai, wannan yana cin ɗan'uwansa maciji. In biyu kake so, akwati biyu za ka saya." Ya yi lissafi, ya ɗauki ɗaya, da buhun asfen da makullin murfi, don macijin madara ba ya raina kafa.