Takardun ƙazuwa, da abin da na koya kafin in bar sashen fata

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofishina in bar sashen cututtukan fata. Ƙannena likitoci masu neman ƙwarewa sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce kan bincike da buga takardu, tunda ni na fi daɗewa ina gyara musu kundin kammalawa. Sun san yadda ranar ganin marasa lafiya take, sun san layin masu ƙaiƙayi da makero da fuskokin da man bilicin ya ƙone, ba sai na faɗa musu ba. Labarin takardun ƙazuwa ne suke ji a gutsure a bakin mutane, gara su ji shi daga bakina.

Ina siniya rajistara, wato matakin ƙarshe na horon ƙwarewa, na zaɓi ƙazuwa a tsangayu a matsayin aikin kundina. Dalilin yana gaban kowa. Almajiri zai zo da hannaye duk ƙuraje tsakanin yatsu, a rubuta masa benzil benzowet, ya shafa ya samu sauƙi, bayan 'yan makonni ya dawo kamar ba a taɓa ba shi magani ba. Ƙwaron da ke kawo cutar yana haƙa rami a ƙarƙashin fata ya yi ƙwai, kuma wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ƙaiƙayi ya fara, alhali yana yaɗa ta tun daga farko. Yaran da suke kwana a tabarma ɗaya, suna musayar riga da bargo lokacin hunturu, in ba a yi musu magani gaba ɗaya a lokaci guda ba, aikin banza aka yi. Susa kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ƙurji ya yi ruwa, wani yaron ya ƙare da kumburin jiki saboda ƙoda ta taɓu. Na ga irin waɗannan a ɗakin yara, kuma ba wanda yake haɗa kumburin da ƙaiƙayin da aka raina.

Shiga tsangaya ba a yin sa da takardar izini kaɗai. Sai an bi ta hakimi da mai unguwa, sai an zauna da alaramma an sha tambayoyi. Wani dattijo cikinsu ya ce mini: "Likita, ƙirga yaran kuka zo yi, ko magani za ku ba su?" Na ce: "Allah gafarta Malam, duka biyun. Ƙirgar ce za ta sa hukuma ta kawo magani na kowa da kowa." Da wannan alkawarin aka buɗe mana ƙofa. Mun duba yara ɗaya bayan ɗaya da asuba kafin su watse, ni da wata babbar ma'aikaciyar jinya da ta sadaukar da ranakun hutunta, kuma galibin maganin da muka raba daga albashinmu ya fito.

Shugaban sashenmu na lokacin bai taɓa taka ƙofar tsangaya ko ɗaya ba. Da na gama shigar da bayanai a kwamfuta ya ce in ba shi ya duba, wanda haƙƙinsa ne a matsayin mai kula da kundin. Na shiga karatun jarrabawa. Wani abokina ne daga wata jami'a ya kira ni yana taya ni murna, ya ce ya ga sunana a intanet. Na duba, sai ga aikina an yanka shi gida uku: yawan masu cutar a takarda ɗaya, abubuwan da ke jawo ta a ta biyu, ƙurajen da suka yi ruwa a ta uku. Sunansa ne farko a dukkansu. Bayansa sunayen abokansa biyu daga wasu sassa, waɗanda takardunsu na neman ƙarin girma suke gaban kwamiti a shekarar. Nawa sunan yana can ƙarshe, na ma'aikaciyar jinyar kuwa ko a wurin godiya babu.

Na same shi a ofis. Na ce: "Ranka ya daɗe, ban san an aika da aikin nan ba." Bai ɗago kai daga abin da yake rubutawa ba ya ce: "Kai yaro ne, lokacinka na zuwa. Mu ma haka aka yi mana." Shi zai sa hannu a takardar shiga jarrabawata, shi zai rubuta mini shaida idan na nemi aiki. Duk wanda ya yi horon ƙwarewa ya san iyakar abin da ƙarami zai iya faɗa a irin wannan ɗakin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da sunana kaɗai aka danne, da tuni na haƙura. Inda aka kai takardun ne ya fi ci mini rai har yau. Mujallu ne na biya-a-buga, waɗanda suke karɓar kuɗi su fitar da takarda cikin mako biyu ba tare da wani masani ya tantance ta ba, irin waɗanda Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya riƙa jera sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Ba sa cikin PubMed, ba sa cikin Scopus, manyan rumbunan intanet da masana ke neman takardun bincike a ciki. Ƙa'idar bugawa kuma ita ce, bayanan da suka taɓa fita a wani wuri, mujalla mai mutunci ba za ta sake karɓarsu a matsayin sabon aiki ba. Ɗaya daga cikin mujallun ma shafinta ya ɓace daga intanet gaba ɗaya.

Sai ga lokacin da duniya ta waiwayo kan ƙazuwa. A 2015 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a tsibiran Fiji, inda raba ibamektin ga al'umma baki ɗaya ya rage cutar da kashi 94 cikin ɗari a shekara guda. Maganin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne Mectizan da aka daɗe ana rabawa a ƙauyuka saboda makantar bakin kogi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A 2019 masanan da ta tara suka ba da shawarar a yi rabon magani na bai-ɗaya a duk inda cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari. Ma'ana, sai ka nuna adadi kafin a dube ka. Masu haɗa taswirar cutar suna neman adadin ne a rumbunan da aka amince da su, namu kuwa yana inda ba mai leƙawa. Alkawarin da na yi wa alaramma a nan ya karye, kuma ni na koma na tsaya a gabansa, ba shugaban sashen ba.

Abin da ya yi laifinsa ne, ba na rage masa komai. Amma tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya share masa hanya, domin kwamiti ƙirga takardu yake yi, ba kasafai yake karanta su ba. Yanzu an ƙara da ma'aunin h, lambar da ke haɗa yawan takardun mutum da yawan ambaton da wasu masana suka yi musu, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005, kowa yana buɗe Google Scholar yana duba sau nawa aka ambace shi. Tun 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco suna gargaɗin kada a auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki, amma maganar ba ta iso ɗakunan kwamitocinmu ba. A fanninmu awon ya fi rashin adalci. Mai rubutu kan sababbin allurai masu tsada na cututtukan fatar Turawa yana da dubban abokan aiki da za su ambace shi. Mai rubutu kan makero a kan yaran firamare, mutum nawa ne a duniya suke wannan aikin balle su ambace shi?

Mutanen da nake girmamawa a fannin ba da ƙirga na san su ba. Antoine Mahé da abokan aikinsa a Mali sun tsara hanya mai sauƙi da ma'aikacin ƙaramin asibiti zai bi ya gane cututtukan fata da suka fi yawa, suka horar da ma'aikata, suka koma suka auna ko horon ya canza yadda ake duba marasa lafiya, suka buga a 2005. Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken maisitoma a Jami'ar Khartoum a 1991, ya nace kan wannan ciwon da ke cin ƙafar manoma da makiyaya har aka sa shi cikin jerin Hukumar Lafiya a 2016. Cibiyar horo ta Moshi a Tanzaniya tun 1992 take yaye ma'aikatan fata ga ƙasashen da ba su da likitocin fannin.

Daga irin nasu na ɗauki salon aikina na baya. Takardar da na fi alfahari da ita 'yar gajeruwa ce, kan horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su bambance ƙazuwa da makero da ƙyasbi a baƙar fata, inda jan da littattafan waje suke kwatantawa ba ya fitowa. Ba ta samu ambato mai yawa ba. Amma shafin hotunan da muka haɗa da ita yana manne a bangon ƙananan asibitocin da ban taɓa zuwa ba, kuma ma'aikatan sun daina rubuta wa mai ƙazuwa man da ke da sitiroid.

Sauran darussan gajeru ne. Ku rubuta jerin sunayen marubuta kafin a fara aiki, kowa ya sa hannu. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci ta duniya ta fito fili cewa shugabancin sashe ko samo kuɗi kaɗai ba ya sa mutum ya zama marubuci, ku buga ta ku ajiye. Ku riƙe kwafin bayananku a hannunku, izinin kwamitin ɗa'a ya fito da sunanku. Ku nemi mujalla a PubMed kafin ku aika mata komai, in kuɗin bugawa ya fi ƙarfinku ku nemi a yafe, manyan mujallu da yawa suna yi. Kada ku raina mujallunmu na gida da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet. Kada ku ɗauki hoton fatar mutum sai da yardarsa a rubuce.

Binciken tsangayun yana buƙatar a sake shi daga tushe, da ƙa'idojin gane ƙazuwa na duniya da aka fitar a 2020, kuma sabon adadi zai bugu a ko'ina. Na bar fom-fom da sunayen unguwannin wurin wadda za ta gaje ni. An sanar da ni cewa tsohon shugaban namu ne zai yi jawabi a walimar bankwana. Na roƙi masu shirya taron su ba Hajiya, ma'aikaciyar jinyar da ta bi ni tsangayu, kuma sun amince.