Wa Ya Yanka Masa Rago?

Aikin da aka ba ni a ƙungiyarmu ta masu zanen labari a Samaru ta Zariya shi ne raɗa wa taurari suna. Na ɗauka wasa ne, sai da muka zo kan wani ruwa-biyu: uwarsa mutum, ubansa ok. Ok ɗin nan wani irin dodo ne na labaran Turawa, ƙato, mai haure biyu da suka fito daga leɓen ƙasa. Marubucin Ingila Tolkien ne ya fito da shi fili, daga baya wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fara fita a 1974, ya ba masu wasa damar zama rabi mutum rabi ok.

Da farko na kwaso sunayen da Turawa ke ba su, irin su Krusk. A bakinsu sunan yana da kaushi. A bakin Bahaushe kuwa? Harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka abokin aikina yana karantawa ya ce "Kurusku". Dodo ya koma kamar sunan ɗan kwikwiyo.

Sai na yi dabarar malalaci: na yanko rabin sunan mutum na liƙa da rabin na dodo. Balagrak. Har ina jin daɗin kaina.

Ranar wata Juma'a na je gaida Gwaggo a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, na nuna mata zanen a waya. Ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe tana kallon hauren, sannan ta ce, "To ɗan nan, wa ya yanka masa rago?"

Na ce, "Gwaggo, labari ne fa."

"Na ji labari ne. Dangin uban sun zo suna, ko uwar ce ta koma gidansu da shi a goye?"

Ban da amsa, don ban taɓa tunanin abin ba. Alhali a gabana na tashi ina ganin yaran Sabon Gari da uwa daban uba daban, kowanne da sunan da ake kiransa a gida da wanda ake kiransa in an je garin kakanni. Ba wanda aka tsaga wa suna biyu aka ɗinke. Mu kanmu suna ɗaya bai ishe mu ba: ga na yanka ranar bakwai, ga na rana irin Ɗanladi ko Talatu, ga na yanayin haihuwa irin Tanko da ya biyo bayan mata, ga laƙabin da unguwa ke maƙala wa mutum ko yana so ko ba ya so.

Na koma na share Balagrak. Yanzu kakarsa ta wajen uwa tana ce masa Ajefas, sunan da ake ba yaro a nuna kamar ba a damu da shi ba don ya rayu. Yaran gari suna tsokanarsa da Mai-haure. Dangin ubansa, da na gina musu sunaye kan salon kirarin 'yan tauri, irin Ci-ƙarfe da Fasa-taro, shi sai suka ce masa Taushi, don raini.

Uwar kuwa ba ta kiran sunansa ko kaɗan, ɗan fari ne. A duk shafukan da muka zana, "kai wannan" kawai take cewa.