Koyon zama baƙo kafin tafiya filin bishara

Yawancinmu da muka tashi a ikkilisiyoyin Filato mun gaji hoto guda na ɗan mishan, wato Bature mai mota da akwatin magani, wanda ya zo da abin bayarwa a hannu. Hoton yana da tushe, domin asibitin Jankwano a Jos da na Vom da makarantun Gindiri duk daga hannun irin waɗannan mutane suka fito. Amma tun da na shigo sansanin horon masu bishara da ke bayan garin Jos, inda ake shirya mu domin aiki a ƙasashen waje, na lura cewa mafi yawan ƙoƙarin malamanmu shi ne su cire mana wannan hoto daga zuciya.

Sun fara da tarihi. A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun rasu, kuma sai a 1902 ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta samo asali daga tafiyar tasu, ta samu ta kafa tasharta ta farko a Patigi. An kai mu maƙabartar 'yan mishan da ke Miango, inda ƙananan kaburburan yara suke jere kusa da na manya. Daga nan aka juyo kan namu na gida: EMS, sashen bishara na ikkilisiyar ECWA wanda asalinsa ya koma 1948, da ƙungiyar bishara ta CAPRO da ta fara a Zariya a 1975. Waɗannan ba su da wata uwar ƙungiya a Turai da za ta aiko musu da mota, kuma a sahunsu muke, ba a sahun na farkon ba.

Rayuwar sansanin ba ta da wani ado. Ana tashi da asuba cikin sanyin Jos domin addu'ar safe, sannan kowane rukuni ya kama aikinsa, masu ɗibar ruwa da masu girki da masu shara, ba a ware fasto ko mai digiri. Da rana akwai nazarin Littafi Mai Tsarki da darasin lafiya, inda muka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari (ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa) da gane alamun zazzabin cizon sauro a jikin yaro. Kowa kuma dole ya riƙe wata sana'a, ɗinki ko haɗa wutar sola ko noman rani, kamar yadda Bulus ya yi aikin tanti tare da Akila da Biriskila a Koranti.

Darasin harshe shi ne ya fi girgiza ni. Mu da muke jin Hausa mun saba da sauƙi, domin daga kasuwar Farin Gada har zuwa zangon Kumasi mutum zai sami wanda zai amsa masa gaisuwa, kuma tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen. Saboda haka aka raba mu bibbiyu aka tura mu wani ƙauye, da sharaɗin kada mu furta Hausa ko Turanci, sai dai mu koyi harshen mutanen daga bakinsu. Na sami wata tsohuwa tana tsince acca a faifai, na durƙusa na karanto gaisuwar da na rubuta a tafin hannuna. Ta dube ni, ta maimaita ta da muryar da ta dace, na sake gwadawa, jikokinta suka fashe da dariya. Na tabbata tana jin Hausa sarai, amma da yake an roƙe ta kada ta taimake ni ta wannan hanya, sai ta riƙa ɗaga faifai da tsintsiya da ƙwarya tana kiran sunayensu har na kama. Da zan tafi ta zuba mini gwate a kwano, na ci ban iya ko yi mata cikakkiyar godiya ba.

Da yamma na ce wa malaminmu, wani dattijo da ya daɗe a filin bishara, "Baba, yau an mayar da ni yaro." Ya ce, "Ɗana, haka za ka zauna a can har mutanen su yarda ka girma. Kada ka yi gaggawar hawa bagade."

Akwai wani zama da ban zaci za a yi ba, kuma a ganina ya fi kowane darasi nauyi. Da yawa daga cikinmu za mu zauna ne a tsakiyar Musulmi, alhali mun fito daga garin da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu bisa addini. An bar kowa ya faɗi abin da ya gani da wanda ya rasa, wasu suka yi kuka, wasu suka kasa magana. Malaman ba su nemi kowa ya manta ba, amma sun faɗa ƙarara cewa ba za su ba da shaidar a aiki mutumin da har yanzu yake tsallake titi idan ya hangi maƙwabcinsa Musulmi ba. Wani ɗan'uwa ya ga tsaurin ya yi yawa. Ni kuwa ina ganin daidai ne, domin a can wannan maƙwabcin ne zai ba ka hayar ɗaki, ya koya maka harshe, ya kai matarka asibiti da tsakar dare.

Sai batun kuɗi, wanda masu wa'azin kira ba su cika taɓawa ba. Tallafinmu daga baikon ikkilisiya yake fitowa da gudummawar zumuntar mata, wani lokaci ma buhun masara ne ake sayarwa a aiko. Tun da aka saki farashin naira a 2023, abin da aka tara a gida yana raguwa sosai da zarar an canza shi zuwa saifa, wadda take ɗaure da yuro. An koya mana rubuta kasafi da wasiƙar addu'a, tare da gargaɗin kada mu ƙara gishiri a labari domin jan hankalin masu bayarwa, kuma kada mu sa sunan gari ko hoton kowa a intanet. Shi ya sa ban ambaci ƙasar da za ni ba.

Takardu ma suna da nasu aikin. Ana bukatar fasfo da katin rigakafin zazzabin shawara, kuma ko da yake ɗan Najeriya yana iya shiga ƙasashen ECOWAS ba biza har kwana 90, zama na dindindin sai da izini, balle masu zuwa ƙetaren teku da galibi dole su nemi biza tun daga Abuja. Nawa fasfon ya fito. Abin da ya rage bayan an rufe sansani shi ne zagayen ikkilisiyoyin da suka yi alkawarin tallafi, ƙarin karatun Faransanci, da sujadar keɓewa inda dattawa za su ɗora mana hannu, wadda har yanzu ba a tsayar da ranarta ba.