Baba ya dawo gida: godiyarmu, da bayani kan ruwan da kuke tambaya

Alhamdu lillahi. Jiya aka sallamo Baba bayan kwana 17 a gadon asibiti. Kun bi komai tun ranar da korona ta fara hana shi numfashi, ba sai mun maimaita ba, ko ƙarfin maimaitawar ma babu. Har yanzu ba mu rama barci ba.

Da yawa sun kira suna neman sunan "ruwan nan da ya tashe shi". Da yake akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu, bari mu faɗe shi yadda yake. Sunansa asetilsistin, a takardar likita NAC ake rubutawa. Tsohon magani ne, shi ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima don a ceci hantarsa. Aikinsa shi ne ba jiki abin da zai haɗa gulutatayon, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga gubar da kumburi ke saki. Da wannan tunanin likitoci suka gwada shi a korona mai tsanani, inda kumburi ke cinye huhu.

Da nauyin mutum ake auna shi. Baba kilo 70 ne, don haka jakar farko giram 10.5 ce a awa ɗaya, wato miligiram 150 kan kowane kilo. Ta biyu giram 3.5 a awa 4, ta uku giram 7 a awa 16. Jimla giram 21, cikin ruwan da ya kai lita 1.7. Wannan ruwan kansa abin lura ne ga mai huhun da ya riga ya jiƙe, kuma da yake galibi a ruwan gulukos ake narka shi, mai ciwon suga sai an ƙara sa masa ido.

A jakar farko ne hankalinmu ya tashi. Ba a yi minti 20 da ɗaura ta ba Baba ya fara sosa wuya. Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta lura, ta haska fatarsa ta ga borin jini, ta kasa kunne ta ji ƙirjinsa yana kuka, awon oksijin kuma ya faɗo daga 93 zuwa 86. Ba ta jira kowa ba ta rufe ruwan, sannan ta kira likita. Aka yi masa allurar Piriton, aka shaƙa masa Ventolin. Da ƙirjin ya saki aka mayar da ruwan a hankali. Saurin shigar maganin ne ke sa jiki ya saki histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da borin jini, shi ya sa abin ya fi faruwa a awar farko, kuma masu asma irin Baba sun fi shiga hatsari. Duk tsawon lokacin tana riƙe da hannunsa tana cewa, "Baba, ina nan, ja a hankali." Sista, kin hana mu faɗin sunanki, to Allah Ya san shi. Allah Ya jiƙan magabatanki, Ya raya miki zuri'a, Ya tsaya miki ranar da babu mai tsayawa sai Shi.

Amma kar kowa ya ce NAC ne ya warkar da shi. A gwajin da aka yi a São Paulo ta ƙasar Barazil a 2020, majinyata 135 aka raba gida biyu, wasu suka sami giram 21 cikin awa 20, wasu suka sami ruwa zalla, kuma maganin bai rage buƙatar injin numfashi ba. Bitamin C mai yawa ta jijiya, wanda wasu suka yi ta turo mana shawararsa, shi ma manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2023 ba su nuna amfaninsa ba. Yana iya sa na'urar gwajin suga ta yatsa ta nuna lamba sama da gaskiya, a yi wa mutum insulin da ba ya buƙata. Yana iya taɓa ƙoda, yana kuma fasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin.

Abin da ke da hujja shi ne oksijin da bai yanke ba, da deksametazon miligiram 6 kullum har kwana 10, wanda gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin, da ɗaya cikin biyar ga masu oksijin kawai. Sai allurar hana daskarewar jini, da kwanciyar rub da ciki na awanni. Don Allah kar wanda ya sayi NAC ko bitamin C na jijiya ya ɗaura wa majinyaci a gida.

Muna godiya ga likitocin ɗakin kulawa ta musamman, da mai haɗa magani da ya sake lissafin awon kafin a ɗaura, da yaron nan mai turo tukunyar oksijin da tsakar dare ba ko tsaki. Kawu, kai da ka kwana 9 a benci ba a ma bari ka gan shi ba, Allah Ya biya ka da Aljanna. Gwaggo, addu'arki ta asuba ta iso. Akwai 'yan uwa na jini da ko kiran waya ba mu samu ba. Mun ɗauka uzuri ne, Allah Ya sa haka ne.

Baba yana gajiya da magana, don haka masu son dubiya a ɗan saurara mako biyu, kuma a riƙa zuwa ɗai-ɗai da takunkumi. Mun baro mutum huɗu a ɗakin suna kan oksijin, ɗaya daga cikinsu babu mai zuwa masa. Ku sa su a addu'a. Allah Ya tashi kafaɗunsu.